Tambarin Buhunan Albasar Baba

Ina shekara ta biyu a kwalejin fasaha, inda nake koyon zane da tsara rubutu na talla da bangon littafi, yajin aiki ya birkita mana zangon karatu. Dogon hutun da ya kamata mu yi da damina sai ya faɗo tsakiyar bazara. Ranar da za mu watse, malaminmu na zane ya ba mu aikin hutu. Ya ce kowa ya koma garinsu, ya nemi wani mai sana'a, ya zana masa tambari, irin wanda za a hango daga nesa a san kayan wane ne. Ba ya son abin da aka kwafo daga mujalla ko jikin gwangwanin madara, kuma sai mai sana'ar ya karɓa ya yi amfani da shi kafin a kawo masa.

'Yan ajinmu sun ɗauka kudancin Kaduna zan nufa, don can ne asalinmu. Ni kuwa motar Sakkwato na shiga, daga can na kama ta Wurno.

Mahaifiyata malamar asibiti ce. Ta samu aiki a Wurno bayan rasuwar mahaifina, ina ɗan ƙarami ko tafiya ban iya sosai ba. Ta kama haya a wani sashe na gidan wani manomi, kuma tun daga nan ba mu sake gida ba. Maigidan Baba nake ce masa, matarsa kuwa Inna. Su kuma Malama suke ce wa mahaifiyata, ni ɗan Malama. Ranar Lahadi idan muka dawo daga coci, mukan tarar Inna ta rufe mana furarmu da faifai. Da Sallah Baba yakan haɗa ni da 'ya'yansa wajen ɗinki. Da Kirsimeti shi yake yanka wa Mama kajinta da hannunsa, don duk gidan su ci shinkafar.

Da na iso a wannan hutun, Mama ta bari sai da na ci abinci na huta, sannan ta gaya mini cewa ƙarshen shekara za ta yi ritaya, za ta koma ƙauyensu. 'Yan uwanta sun riga sun fara yi mata ɗaki. Na ce mata to, Allah ya kai mu. Amma daga ranar komai na gidan ya sauya mini fuska. Ina kallon darbejiyar tsakar gida, da randar Inna, da ƙusar da nake rataye jakar makaranta tun ina firamare, kamar baƙon da ya zo sallama.

Aikin hutu kuwa ya ƙi tafiya. Na je wurin wani mai shayi a tasha, ya ce shi kowa ya san teburinsa. Wani tela ya yarda, amma so yake in zana masa keken ɗinki da almakashi irin na makwabcinsa sak. Na koma gida na zauna a zaure da allon zane a cinya, gumi yana ɗiga a takarda, ina jan layi ina gogewa. Haka na kwashe kwanaki.

Wata safiya Baba ya fito da fartanyarsa, ya tsaya a kaina.

"Ɗan Malama, mi kaka zanawa?"

Na ce masa ba komai, abin ya ƙi zuwa.

"To wanga zahi ba na zaman zaure ba na. Taho mu tahi hwadama."

Na sha zuwa fadamar nan ina yaro, amma wanka a magudanar ruwa ke kai ni da satar tumatir. Ban taɓa zuwa da idon mai zane ba. Daga kan tudu gari duk ya bushe, ƙasa ja, katangu ja, akuyoyi sun lafe a gindin bango. Kana gangarawa sai ka ga kore ya shimfiɗu har inda ido ya tsaya, ruwan dam yana tafe a hankali cikin magudana, injinan ban ruwa suna ta kuka nan da can. Lokacin cirar albasa ne. An tara ta tsibi-tsibi, ɓawonta yana ƙyalli a rana, wani ja mai sirkin shuɗi da ban taɓa iya haɗa shi daidai da fenti ba, har yau. A gefe ga tafarnuwa fara fat an shanya. Warin ganyen albasa da ɗanyar laka ya cika wurin.

Na taya su ɗura buhuna. Nan na lura kowane buhu ana ja masa jan layi da tsinken da aka tsoma a fenti. Na tambaya, Baba ya ce shaida ce, don idan babbar mota ta kwashi kayan mutane da yawa zuwa kudu a gane na kowa. Sai dai masu jan layi sun yi yawa, bara har buhunansa suka cuɗe da na wani mutumin Rabah, aka yi ta kai da komo kafin a rabe.

Na tsaya da buhu a hannu. Na ce, "Baba, in zana maka tambari?"

Ya dube ni ya yi murmushi. "In kana iyawa. Amma ban da mai rai."

Da yamma na kawo masa zane na farko: ƙatuwar albasa da ganyenta a tsaye, kewaye da zobe. Na ji daɗin aikin ƙwarai. Ya karɓa ya nisanta shi da idonsa, ya juya shi, ya miƙa wa Inna da ke tankaɗe a gefe.

"Albasa bisa buhun albasa?" in ji shi. "Ai hanci ya riga ya hwaɗa ma mutum abin da ke ciki."

Inna ta yi dariya har garin ya zube mata a cinya. Na zana fartanya, ya ce kowa na da fartanya. Na zana harafin farko na sunansa da ado, ya ce masu lodi ba su karatu, su siffa suke ganewa. Na fara jin haushi, na ce to shi me yake so. Ya ce shi ma bai sani ba, amma in ya gani zai gane.

Ana nan sai tafiya ta kama shi zuwa Goronyo, wurin wani ƙaninsa da zai ba shi irin shinkafa. Ya ce in raka shi. Muka hau tsohon mashin ɗinsa da hantsi, ni a baya riƙe da buhun wofi. Iskar da ke bugun fuska kamar daga bakin murhu take fitowa. Bayan mun gama da ƙanin nasa, mun sha fura, maimakon mu kamo hanyar gida sai Baba ya karkata ya nufi dam.

Ban taɓa ganin ruwa mai yawan wannan ba, ko da yake bazara ta janye shi ya bar farar ƙasa mai tsattsagewa a bakin gaɓa. Masunta na can nesa cikin kwalekwale kamar ɗige-ɗige. Baba ya kafe mashin, ya cire hularsa ya share gumi. Sannan ya miƙa hannu ya nuna wani wuri a tsakiyar ruwan, inda ni ban ga komai ba.

"Can anka haihi innata," ya ce. "Ƙauyensu na ƙalƙashin ruwan ga."

Ya ba ni labari muna tsaye. Yana yaro, duk kaka innarsa takan kai shi can ganin dangi, a kan jaki. A bakin ƙauyen akwai giginya biyu, ɗaya doguwa, ɗaya ta ɗan karkata ta jingina wajen 'yar uwarta. Tun daga nesa su ake fara hangowa. Da ya gan su ya san an iso, kakarsa na can ta dafa masa muruci. Da aka zo yin dam aka tashi mutanen, aka ba su wuri a tudu. Innarsa ta je sabon wurin sau ɗaya, ta dawo ta ce ba ta gane kowane gida ba, ba ta sake zuwa ba har ta rasu.

"Ruwan ga shi ka ci da ni yanzu," ya ce. "Da shi nika noman rani, da shi na aurad da ɗiyana. Ban da abin cewa sai godiya. Amma wani lokaci ina son in ga giginyun nan, ko sau guda."

Maganar tashinmu daga gidansa ce ta faɗo mini a rai. Muka hau mashin muka dawo gida.

Washegari na zana giginya biyu, doguwa da mai karkata, da layukan ruwa a ƙarƙashinsu. Na sauƙaƙa zanen iyakar iyawata, don buhu ba takarda ba ne, ba ya riƙe ƙananan layuka. Na kai masa yana alwala. Ya goge hannu a rigarsa, ya karɓa, ya kalla.

"Karkatar ta yi yawa," ya ce a hankali. "Kaɗan ta karkata. Kuma hagu ta ke, ba dama ba."

Na gyara. Da na sake kawowa bai ce ya yi kyau ba, bai ce bai yi ba. Ya dai naɗe takardar ya sa a aljihu, ya ce shuɗin fenti yake so.

Saura yadda za a buga shi a buhu. Kwalin da na yanke siffar zanen a jikinsa ya jiƙe da fenti ya yage tun a gwaji na farko. Mama ce ta kawo mafita: ta zo mini da tsohon fim na hoton ƙirji daga cikin waɗanda za a zubar a asibiti. Na ɗora zanen a kai, na bi shi da reza ina yankewa, haƙarƙarin wani bawan Allah yana leƙo ni ta ƙarƙashin ganyen giginya. Fim ɗin ba ya jiƙewa, ana wanke shi a sake amfani da shi.

Ranar bugu a tsakar gida muka shimfiɗa buhunan. Ni ina danne fim, Baba yana dangwala soso a fenti yana bugawa. Na farkon ya fito a dagule, Inna ta leƙo ta ce tsintsiya biyu muka zana. Muka rage fenti. Na gaba ya fito tas. Kafin la'asar tsakar gidan ta cika da shuɗɗan giginyu suna shan rana, Mama ta dawo daga aiki da farin kayanta tana tsallake su a hankali, tana faɗa kada mu ɓata mata riga. Hannuwanmu sun yi shuɗi har gwiwa, sai da kananzir suka fita. A duk shekarun da na yi a gidan nan, wannan yinin ne ya fi dawo mini.

Da hutu ya ƙare na koma makaranta da buhu ɗaya a naɗe. Malaminmu ya baza shi a tebur, ya ce layukan ruwan sun yi kauri, kuma bai ga alaƙar giginya da albasa ba. Na ba shi labarin a taƙaice. Ya ba ni maki matsakaici, ya ce in bar masa buhun. Daga baya na gan shi a rataye a ofishinsa.

Ƙarshen shekara na je taya Mama kwashe kaya. Akori-kura ɗaya ta ɗauke duk abin da muka tara. Inna ta ƙi fitowa daga ɗaki, sai da Mama ta shiga, suka daɗe a ciki, suka fito idanunsu jawur. Baba ya raka mu har bakin titi da ƙullin tafarnuwa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗakinka na nan. Ba ni ba kowa hayatai." Na ce masa zan zo da hutu mai zuwa.

Hutu mai zuwa na samu aikin koyo a wata maɗaba'a. Na gaba da shi na yi a ƙauyen Mama, don ba ta da lafiya. Daga nan sai bautar ƙasa, sai aiki, sai aure. Mukan yi waya da Sallah da Kirsimeti. Da labarin rasuwar Baba ya zo, hanyar gabashin Sakkwato ta riga ta lalace da rashin tsaro, babban ɗansa da kansa ya ce kada in taso, sun karɓi gaisuwata. Na zauna a shagona na rufe ƙofa, ban yi aiki ba ranar.

Mama ta tsufa yanzu. A ƙauyen da aka haife ta, Basakkwaciya suke ce mata, don in ta yi fushi ko ta yi murna harshen Wurno ne ke fito mata. Tana ƙorafin furar can ba ta da daɗi. Duk lokacin da na je gaishe ta sai ta sa na kira mata Inna, su yi ta hira kan mutanen da rabinsu sun mutu, wane ya aurar, wance ta haihu a hannun Mama ga shi yau ita ma tana da jikoki.

Kwanakin baya da suka gama, Inna ta ce a ba ta ni. Muryarta ta yi rauni, sai na toshe ɗaya kunnen nake jin ta. Ta tambayi matata, ta tambayi yara, ta sa na faɗa mata sunan kowanne sau biyu.

"Ka kawo min su in gani," ta ce, "tun idona na gani."

Na ce mata in Allah ya yarda, da zarar hanya ta yi sauƙi. Ta ce to, Allah shi kawo sauƙin. Na riƙe wayar a kunne, ina jin kukan akuya da muryar wata mata tana sallama a bayanta, har layin ya yanke.