Ranar da Muka Sauko Daga Benci

Mun ci su! Goma da tara, da rana tsaka, a gaban jama'a, kuma wuta ba ta ɗauke ba balle su sami abin faɗa. Ni da mutumina muka ci 'yan unguwar Rikoto ta garin Zuru, muka zauna a tabarma. To, tunda na amayar da wannan hankalina ya kwanta, bari in koma baya in gaya muku zancen tabarmar, kada ku ce mi ne ne abin ihu a zaman tabarma.

Ina aji biyar na sakandare a lokacin, shekarun dubu biyu da 'yan kai. Bayan tashar mota akwai wani ɗan shago na wani tsohon saje da ya yi ritaya. Talabijin ɗaya, na'urar gem ɗaya, fad huɗu, wato abin da ake riƙewa ana dannawa. Yawancin gayu ƙwallo suke bugawa. Mu kuwa yaƙin duniya na biyu ne namu: mutum biyu Jamusawa, mutum biyu sojojin ƙawance, a wani rusasshen gari mai gada a tsakiya. Bindigogin tsofaffi ne, ka harba ɗaya sai ka ɗana kafin ka sake. Ɓangaren da ya fara kashe goma shi ya ci.

Matsalar ita ce gilashin talabijin ɗin huɗu yake rabuwa, biyu sama biyu ƙasa, kowa na ganin inda abokin gabarsa ya ɓuya. Kullum faɗa, ka leƙa ban leƙa ba. Ranar da Saje ya gaji, sai ya yanko kwalin sabulu ya manna shi da salatif a tsakiyar gilashin, ya fito kamar 'yar rumfa. Masu ƙasa su zauna a tabarma, suna kallo ta ƙarƙashin kwali. Masu sama su cire takalmi su hau benci a bayansu, a tsaye, suna kallo ta samansa. Dokar Saje ɗaya ce: wanda ya ci shi ke da tabarma.

Kun san rufin kwano a Zuru da azahar. A kan bencin nan kanka na dab da shi, gumi na shiga ido, ƙafa na sanyi. Su kuwa 'yan Rikoto, ɗan wa da ɗan ƙane, ɗaya dogo ɗaya gajere, tun farkon zango suke miƙe a tabarma suna ɓare gyaɗa. Ba wanda ya taɓa tashe su.

Ni fa ba yabon kai ba, babban yatsana ya haɗu. Kafin ka ƙifta ido na juya na harba na ɗana. Amma da na fito da gudu zan tsallake gada, tau! sai in ga sojana a ƙasa. Kamar an gaya musu ina tafe.

Da farko yare muka zarga. Su biyun da Dakarci suke shawara, da ƙarfi ma, suna dariya. Ni Hausa kawai nake ji. Mutumina Badakkare ne, amma a bariki ya tashi, babansa soja, duk abin da ya iya gaisuwa ce da zagin da kakarsa ke yi masa. Mu kuwa in na ce, “Bi ta hagu,” sai gajeren ya amsa daga ƙasa, “To mun gode, muna jiransa.” Muka daina magana. Duk da haka aka ci gaba da dagargaza mu.

Wata Asabar mutumina ya yanke a yatsa wajen yankan ciyawar awakinsu, bai buga ba, na hau benci da wani. Shi yana zaune bakin ƙofa, ko gilashin ba ya gani. Da muka fito, an ci mu kamar kullum, sai ya tare ni.

“Baaba, ka san sau nawa ka yi yunƙurin tsallake gada? Shida.”

“Ta ina ka gani?”

“Ban gani ba, ji na yi. Kai da jikinka duka kake buga gem. In za ka ruga sai ka karkata gaba, bencin ya ce ƙiii. Dogon nan ba ya ko nemanka, bencin yake saurare.”

“Kai dalla, ƙarya ne!”

“Wallahi kai da benci kun fi rediyo.”

Na san gaskiya ya faɗa. Ƙafa ɗaya ta bencin ta saki, kowa ya sani, ba wanda ya taɓa kawo ta a lissafi.

Ba a yi sati biyu ba sunansa ya fito, an ɗauke shi soja, ranar Litinin zai tafi horo. Gidansu ana ta murna, ana dafe-dafe, shi kuwa ya ja ni bayan rumbu ya ce, “Ni fa ba zan bar garin nan ban taɓa zama a tabarmar can ba. Saura Asabar ɗaya.”

Dabararsa ba ta da yawa. Zai ɗora ƙafarsa a kan tawa. Muddin tana kai, ko Hitila na gani tsirara kada in motsa. In ya ɗaga, in yi abin da na iya. Ƙarar benci kuwa shi zai dinga yin ta da dunduniyarsa, lokacin da ba kowa a gada.

Asabar ta zo, shago ya cika, don an ji labarin tafiyarsa. Muka cire silifas muka hau. Dogon ko waiwaye bai yi ba, ya ce, “Sojan gobe, a zo a yi maka sallama.”

“Ka dai gyara mini tabarma, ban son ɓawon gyaɗa,” in ji mutumina.

Aka fara. Ƙafar nan ta sauka a kan tawa, ga nauyi ga kaushi, kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Na ɓoye sojana ƙarƙashin wata ƙonanniyar mota ina kallon tagar benen da dogon ke son zama. Sai bencin ya ce ƙiii. Nan take kan dogon ya ɓullo a taga, bindigarsa na kallon gada, inda ba kowa. Ƙafa ta ɗaga. Tau! Ɗaya.

Sau huɗu muna yi masa haka. Dakarcin da ke ƙasa ya sauya murya, dariya ta ƙare. Amma gayun nan ba kanwar lasa ba ne a gem, suka daina yarda da benci, suka fara zagayowa ta bayanmu su biyu tare. Ni ma na kwafsa sau biyu: na zame ƙafata na ruga don na ga banza, aka kwantar da ni. Mutumina kuwa sai ya mayar da ƙafarsa ya danna har na ji a ƙashi.

Tara da tara. Shagon ya yi tsit, ba ka jin komai sai fankar Saje. Ina kwance a wani rami, sai ga bayan gajeren can ƙetaren gada, shi kaɗai, yana ɗana bindiga. Yatsana na kan maɓalli. Taku biyar kawai in same shi! Ƙafa ta ƙi ɗagawa. Na ɗan ja, ta ƙara dannawa. Gumi ya shiga idona ban ko share ba. Ashe tarko ne, shi mutumina daga inda yake yana hango inuwar dogon a gindin gada, yana jirana. Ya bari, ya bari, har dogon ya gaji da jira. Sannan mutumina ya karkata da gaske, ya ruga da nasa sojan ta ɗaya gefen, bencin ya ƙwala ƙara. Dogon ya miƙe ya juya zai harbe shi. Ƙafa ta ɗaga.

Ban san lokacin da na danna ba. Goma.

Ihun da aka yi har masu kabu-kabu suka leƙo. Saje, wanda ban taɓa ganin haƙorinsa ba, ya miƙe ya sara mana, ya ce, “Ku sauko. Ku kuma ku cire takalmi.” Dogon ya hau benci karon farko a rayuwarsa, kansa ya daki kwano, gwam.

Muka zauna. In gaya muku gaskiya? Tabarmar nan warin ƙafa take, ga cinnaku, ga wuya na ƙagewa don sai ka ɗaga kai. Mutumina ya miƙe ƙafafu, ya ɗauki sauran gyaɗarsu ya ɓare, ya ce, “Baaba, ka ji daɗi?” Na ce, “Ba a magana.” Wasa na gaba suka ci mu goma da uku, muka koma sama. Duka-duka zamanmu bai kai minti goma ba, kuma ko a jikinmu. Ranar Litinin na raka shi tasha ina ɗingishi, yana yi mini dariya ta tagar bas.

Shagon yanzu wurin cajin waya ne. Mutumina na can bakin aiki, in ya kira ni kafin gaisuwa sai ya ce ƙiii. Dogon kuwa, duk inda muka haɗu sai ya rantse wai bai tuna an yi haka ba. Saboda haka don Allah, in ka gama karantawa ka miƙa wa na kusa da kai, shi ma ya miƙa gaba, musamman in yana da ɗan'uwa a Rikoto.