Kwamfutar Malama da Tankin Gidanmu

Lokacin da aka kawo ni Azuba, a gefen Lafia, gonakin rogo sun fi gidaje yawa a layinmu. Muna haya a wani gida mai ɗaki shida, da rijiya a tsakiya da baƙin tanki a kan ƙarafa. Mijina direban motar doya ne, in ya fita sai ya yi kwana biyar. Ni da keken ɗinkina muke wuni.

Ɗakin da ke jikin nawa na wata malamar kimiyya ce, 'yar ƙabilar Eggon, ta kai sa'ar mahaifiyata. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna makarantar kwana. Kowa Malama yake ce mata, ita kuma tana ce mini Amarya. Irin Hausar Lafia take yi, mace da namiji duk "ka" ne a bakinta.

Wata rana da hantsi ina kan keke aka kawo wuta. Ba a jima ba na ji muryar Malama daga ɗakinta: "An kawo wuta o! Mai guga ya yi guga!" Sai waƙar coci ta biyo baya. Alhali da idona na ga ta hau babur tun safe. Na leƙa, ga kwaɗo a ƙofar. Na ƙwanƙwasa, na kira ta, waƙar kawai ke tashi.

Kwana uku ina jin haka. A na ukun na tare ta tun kafin ta cire takalmi.

"Malama, wa kike bari a ɗaki?"

Ta yi dariya har da dafa bango. "Amarya, shigo ka gaishe shi."

Tsohuwar kwamfuta ce, fara da ta koma ruwan ƙasa, a ƙarƙashin teburin talabijin. Waya ta fito daga bayanta ta shiga talabijin ɗin. Malama ta ce ta umarce ta da ta tashi da kanta duk sa'ar da wuta ta zo, ta fara da muryar da ta naɗa, sannan waƙa. Ta danna wani abu, sai ga allo ya cika da layuka: waƙoƙi a gefe, finafinai a gefe, hotunan 'ya'yanta a gefe. Duk fayafayan da take da su ta juye a ciki. Mu a ɗakinmu sai an busa faifai an goge da gefen zane, ya yi ta tsalle.

"To ta yaya ta san an kawo wuta?" na tambaya.

"Bai san komai ba. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi."

Abin da ke jera mata finafinan, furogiram take kiransa. Ta ce wasu mutane ne a ƙasashen waje suke haɗa shi, suna bayarwa kyauta, kuma ba sa daina gyara shi. Duk bayan 'yan watanni takan tafi kafe, wato shagon intanet, a cikin gari ranar Asabar, ta wuni tana jiran sabo ya sauka cikin filas ɗinta, ɗan abin da ake ɗaukar bayanan kwamfuta a ciki. Na shiga jiran Asabar ɗin nan fiye da ita. Wani zuwan sai ga kowane fim da hotonsa, ko ba ka iya karatu ba ka zaɓa. Wani zuwan kuma rimot ɗin talabijin ya fara juya kwamfutar. Akwai wanda ya zo da shirme, sauti ya ɗauke mako guda, ta koma kan tsohon.

Damuwar gidanmu kuwa ruwa ce. Mai gidan hayar ya sa makunnin injin jan ruwa a ɗakin Malama, don an taɓa ƙona masa inji. Wuta kuma sai tana makaranta take zuwa. Mu yi ta kallon ƙwan lantarki yana ci, tanki babu ko ɗigo, mu koma guga da igiya.

Malama ta yi makonni tana haɗa wani ɗan allo mai wayoyi kala-kala, ɗakinta yana warin dalma. Ta jona shi a ramin da ake sa wayar firinta, ta rubuta wa kwamfutar cewa in ta tashi ta kunna injin minti arba'in, ta kashe. Ranar farko da injin ya tashi ba kowa a ɗakin, matan gidan muka tsaya da bokiti a hannu muna kallon juna.

Mun yi mako biyu cikin daɗi. Sai wata Laraba wuta ta yi ta zuwa tana komawa. Duk zuwan da ta yi, kwamfutar ta tashi, ta yi shelar guga, ta fara ƙirga arba'in daga farko. Tanki ya cika ya tumbatsa. Ruwa ya share agushin da maƙwabciyarmu ta shanya, ya nufi ƙofata. Ɗakin Malama a kulle. Na jawo turmi, na hau, na zare fis ɗin wutar gidan gaba ɗaya.

Da Malama ta dawo ta ba mai agushi haƙuri sosai, sannan ta juyo gare ni, ido yana ƙyalli.

"Sau nawa wuta ya zo?"

"Huɗu."

"Yauwa! Shi ya manta ya yi aikin. Ka gani?"

Na ce ni a ganina ba mantuwa ba ce matsalar. Kwamfutar tana ƙirga lokaci, amma ba ta ganin ruwan. Na gaya mata yadda a gidanmu muke jefa galan cikin duro, ko daga nesa ka hango shi ya taso ka san ya cika. Ta kalli tankin, ta ce, "Sake faɗa."

Ranar Asabar ni na hau tsani, ita tana riƙe da shi tana ba ni umarni. Muka ɗaure galan da igiya a jikin wani ɗan makunni: in ruwa ya yi ƙasa galan ya ja igiyar, in ya cika ta saki, kwamfutar ta kashe injin. Sau biyu bai yi ba, galan ɗin ya cika rashin nauyi. Na sauko na zuba masa yashi hannu biyu. A na uku, ruwa na kaiwa wuyan tanki injin ya yi tsit. Malama ta saki tsanin ta yi tafi, ni ina sama ina ihu ta riƙe.

Bayan nan ta fara tafiya da ni kafe. A can ta nuna mini inda masu furogiram ɗin suke tambayar juna ta rubutu. Ta ba su labarin galan da yashi da Turanci, ta ce maƙwabciyarta tela ce ta kawo dabarar. Ban yi zaton wani zai kula ba. Da muka koma bayan mako biyu, mutum uku sun amsa. Biyu sun nemi ta zana musu yadda muka ɗaure igiyar. Na ukun, wani daga ƙasar waje, ya ce ya fahimci komai sai abu ɗaya: me ya sa wuta za ta ɗauke sau huɗu a rana guda?

Malama ta karanta mini sau biyu. Ta ɗora yatsunta a kan maɓallan, ta ɗauke, ta sake ɗorawa.

"Amarya, wannan kam kai za ka amsa masa."

Na matso da kujerata. Mai kafe ya leƙo ya ce saura mana minti goma.