Takardar Izinin Kallon Malami

Murfin tukunya ne ya kuɓuce mini da hantsin wata Asabar, ya faɗi a kan siminti ya yi ta juyi yana ƙara kafin ya kwanta. Kaji suka watse, jaririna ya farka da kuka. Ita kuwa 'yar yayana, da ta ba ni baya tana tsince shinkafa taku uku daga wurin, ko gezau. Na kira ta, shiru. Na ɗaga murya, shiru. Sai da na zagayo gabanta ta ɗago ta ce, "Na'am, Gwaggo."

Kusan shekara ke nan tana hannuna a Kafin Maiyaƙi. Ni na matsa wa Yaya ya kawo ta daga Burumburum ta shiga ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo, don a lokacin ina ji da tawa sakandaren da na gama. Ya ce ya ba boko shekara ɗaya. In ta ci ta zauna, in ba ta ci ba, shanu da gona ba sa tambayar sakamako. Zango biyu ta yi tana zuwa ta ƙarshe, saura ɗaya.

Makarantar tana da wata al'ada: zama bisa sakamako. Na ɗaya a bencin gaba, daidai bakin malam. Na ƙarshe can jikin bango, inda jemagu ke sauke nasu. Wato wanda ya gane a matso da shi ya ƙara ganewa, wanda bai gane ba a kai shi inda ba zai dami kowa ba.

A shekarun ne aka ce kowace makaranta ta naɗa malamin ba da shawara, wai gaidans. Namu dā malamin wasanni ne, ciwon gwiwa ya hana shi gudu, sai aka tura shi kwas na mako guda a Kano. Ya dawo da satifiket, da hatimi, da tafiya a hankali. Aka kwashe fartanyu daga sito aka ce ofis ne. Sau uku yana kiran yarinyar. Ya tambaye ta ko tana so ta zama likita, ta ce to. Ko lauya, ta ce to. Ko injiniya, ta ce to. Ya rubuta a fam cewa ba ta da alƙibla, ya zana mata jadawalin karatu har da awa biyu a laburare, a garin da littafin da kowa ya sani shi ne na awon hatsi.

Ba zan ɗora masa duka ba, ina da nawa kason. Da aka kawo ta, in ana magana sai ta kafa wa mutum ido a baki, har maigidana. Na yi faɗa, na yi mintsini, na ce ɗiya mace ba ta ƙure babba da ido. A makaranta ma bulala ta koya mata haka. Ta sunkuyar da kai, muka yi ta yabon ladabinta, maƙwabta suna ce wa 'ya'yansu su yi koyi da ita.

Ranar Asabar ɗin nan na zaunar da ita gaba da gaba na tambaye ta. Ta ce tun sanƙarau da ta yi tana ƙarama kunnen hagu ya toshe, na dama kuma kamar ana magana daga cikin rijiya. A bakin mutum take tsintar sauran. Ba ta faɗa ba don ba wanda ya tambaya. Na yi alwala na yi nafila na roƙi Allah gafara, na dawo na ce ta yafe mini. Kanta a ƙasa ta ce to. Sai da na kama haɓarta na ɗago na sake faɗa, sannan hawaye suka zubo mata. Da na kai ta, malamin asibiti ya duba ya ce haka ne, ba kuma abin da allura za ta yi.

Ran Litinin na nemi izinin maigida, na saka mayafi muka tafi ofishin gaidans. Kafin in gama gaisuwa ya miƙe ya fuskanci wani zane a bango, ya ba mu baya, ya shiga bayanin cewa ɗalibai kashi uku ne, tawa tana kashi na ukun, masu raunin himma. Na bar shi ya ƙoshi. Sannan na ce, yadda yake a juye ɗin nan, ya ce mata ta tashi ta rufe taga. Ya faɗa. Ba ta motsa ba.

"Kin gani ko, Malama? Taurin kai."

Na ce ya juyo. Na ɗago fuskarta, na ce ya sake faɗa a hankali. Ta tashi ta rufe taga ta dawo ta durƙusa. Har na ji tausayinsa. Can ya gyara hula ya ce, "Dama na daɗe ina zargin haka."

Abu biyu na roƙa: a mai da ita gaba, ta gefen da kunnen dama zai fuskanci malam, kuma a bar ta ta kalli fuskar mai koyarwa. Ya ce bencin gaba gumi ake yi a samu, iyayen na ɗaya ba za su yarda ba. Kallo kuwa, malamai maza ne, me gari zai ce? Ya ƙara da cewa a kwas ba a yi musu kunne ba.

Idona ya kai kan hatimin nan, yana zaune a kan tebur fes, da alama bai taɓa ganin tawada ba. Na ce, "Ai Malam, irin wannan sai takardar ƙwararre mai hatimi. Ban sani ba ko akwai mai shi a makarantar nan, ko sai mun je Kano."

Allah Ya yafe mini, amma ya yi aiki. Sau uku yana yaga takarda yana sakewa. A ƙarshe ya rubuta cewa an yarda wannan ɗaliba ta zauna a gaba, ta kuma kalli malami a fuska, bisa shawarar ƙwararre. Ya buga hatimi sama da ƙasa, ya ƙara ɗaya a baya.

Gaskiya guda zan faɗa a kansa: da gurguwar gwiwar nan ya bi malamai ɗaya bayan ɗaya ya ce su daina magana da allo, su juyo ga yara. Wasu sun ji. Daga baya na sami labarin ya tsaya a taron safe ya ce da binciken kimiyya ya gano matsalar. Ban ƙaryata shi ba. Da dai a Kano sun ƙara musu kwana ɗaya, sun ce kafin a tambayi yaro me yake so ya zama, a fara duba ko yana jin tambayar.

Ƙarshen zango ta haye. Ba ta zo ta ɗaya ba, a tsakiya ta tsaya, amma ta haye. Yaya ya zo ran kasuwa da niyyar tafiya da ita. Na karanta masa sakamakon, na faɗa masa zancen kunne. Ya daɗe yana kallon ƙasa, don shi ma ya ɗauka sunkuyar da kan nan nata ladabi ne. Ya ce a ƙara mata shekara, ya hau bayan babur shi kaɗai.

Bayan la'asar muna tankaɗe, na taɓa kafaɗarta ta juyo, na tambaye ta yaya zaman gaba. Ta kalle ni a baki, ta ɗan yi tunani.

"Gwaggo, ashe rabin abin da malamai ke faɗa zagi ne, ni da ina baya na ɗauka duk karatu ake yi. Amma ki bar ni a wurin, yanzu na iya tsince karatun."