Wushiryar Inna Kulu

Mu namu murhun tatsuniyar na gas ne. A wani tsohon bene muke zaune a unguwar Tremont, can ƙasar Turawa, hitar ɗumama gidan kuwa sai ta ga dama take aiki. In sanyi ya kankama, kakata Inna Kulu takan ɗora shayi mai citta, ta jawo 'yar kujerarta gaban wuta, ni da ƙanena Sadiku mu baje bargo a ƙasan kicin. Baba yana can filin jirgin sama na JFK da tasinsa yana jiran fasinja, Mama tana asibiti wurin aiki. Inna ta yi mana Hausa, mu mayar mata da Turanci, ta ce, "Ku yi ta yi da hanci, ni dai ba ji nake ba."

Sunanta na ci, shi ya sa take ce mini Takwara. Ba sunan kaɗai na ɗauko ba, har da wushiryarta, tawa ma ta fi tata faɗi. Ta sha gaya mana cewa a Zariya samari har layinsu suke zagayowa da keke don ta yi dariya su gani. Mu dai mu ce cika baki ne irin na tsofaffi. Ni a makaranta wushiryar nan masifa ta zame mini. Wani ya ce in buɗe baki ya wuce, wani ya ce a zura kati kamar a tashar jirgin ƙasa. Na koma ba na dariya sai da hannu a baki. Na yi ta kuka har Mama ta gaji, ta karɓo mini rana wurin likitan haƙori, a sa waya a rufe ta kowa ya huta.

Ana gobe za mu je, bayan mun ci tuwo, Inna ta ce in ɗauko mata lakar da aka ba mu a ajin zane. 'Yar magina tukwane ce, hannunta bai iya zama haka nan ba. Ta gutsura, ta fara murzawa.

"Ga wata nan tafe da ƙafarta."

"Ta ƙaraso mu gan ta," muka ce, don wannan kam da Hausa muke amsawa.

Wai a wani gari bakin kogi akwai tsohuwa mai gina wa 'yan mata 'yar tsana, kowacce da kamanninta. To, 'yan matan nan ba su bar ta ta yi aikinta ba. Inna sai ta maƙale murya: "Iya, miƙar mini da hanci. Iya, rage mini kunne. Iya, ni wuya za ki ƙara mini." Tsohuwa ta yi musu yadda suke so, 'yan tsana suka fito duk fuska ɗaya. Delu mai wushirya ce kawai ta ce a gina ta yadda take, aka yi ta yi mata dariya.

Ran nan 'yan mata sun je ɗiban ruwa, Dodon kogi ya kwashe su kaf. Iyaye suka zo suna kururuwa. Dodo ya sa aka jera 'yan tsanan a kan yashi, ya ce duk uwar da ta nuna 'yarta ta tafi da ita, wadda ta yi kuskure kuwa ta rasa ke nan. Iyaye mata suka duba, suka sake dubawa, babu mai ƙarfin halin miƙa hannu. Uwar Delu ko tsayawa ba ta yi ba, daga nesa ta hango tata.

"Sai Delu ta tafi gida?" in ji Sadiku.

"Ina! Kai dai da za ka tafi, matsoraci."

Delu ta ɗebo ruwa, ta jiƙa lakar ƙawayenta. Ta mayar wa Ladi manyan kunnuwanta, ta mayar wa Jummai faffaɗan hancinta, ta dawo wa Asabe da gajeren wuyanta, domin tare suka tashi, ta san kowa. Tana gama ɗaya sai ka ji wata uwa ta ƙwalla ihu, "Ga tawa!" Haka har aka kwashe su, Dodo ya koma ruwa da yunwarsa.

"Nan ta tsaya, kowa ya ja bargonsa," in ji Inna. Ashe duk wannan lokacin kan mutum take ginawa. Ta ɗauki tsinken ashana, ta tsaga tsakanin haƙoran, ta ɗora mini a tafin hannu. Na rasa gane ni ce ko ita.

"Takwara, bakinki ne, gobe ki yi yadda kika so. Ni dai tawa zan tafi da ita kabari. In kin rufe taki, sai a neme ni a rasa."

Wallahi haushinta na ji. Amma washegari da kan lakar a aljihuna na shiga bas, muna isa ƙofar likita na toge. Mama, da ta ɗauki hutun aiki saboda ni, ta ce, "Kun haɗa baki ke da Inna ko? Allah ya shirye ku." Tsokana ba ta ƙare ba a makaranta, ni ce dai na sauke hannuna.

Inna ta koma Zariya, can ta rasu. Ni yanzu kowace Asabar ina koyar da ginin laka a wani zauren unguwa a nan Tremont, 'yan mata da iyayensu kowacce ta gina siffar kanta. Wasu sun yi gunaguni da farko kan yin siffar mutum, wasu har yau ba sa zuwa, ban kuma ja da su ba. Waɗanda suka zo, tambayarsu ta farko ba ta canzawa: "Anti, zan iya rage hancin?" Sai in ce a ajiye laka tukuna, in ba su labarin Delu. Da ina yarinya na ɗauka labarin haƙorina ne. Sai da na ga uwa ta shigo ta hango kan 'yarta a cikin jeri ta yi shewa, na gane aikin Delu Inna ta bar mini, kuma ina alfahari da shi.

Bara muka baje kolin ayyukanmu. Ni Inna na gina, daga abin da na riƙe a kaina, tana tsakiyar dariya. Wata ɗalibata ta zo da kakanta, wani tsoho tukuf da ya zo ganin likita daga gida, yana dogara sanda. Yana zuwa gaban nawa ya tsaya cak.

"La ilaha illallahu! Wannan ai Kulu ce, 'yar magina."

"Baba, ka san ta?"

"Na san ta? Yarinya, tayar kekena a layinsu ta ƙare."

Ashe ba cika baki ba ne! Dariya ta kuɓuce mini, da hawaye da komai, baki a buɗe. Tsohon ya bar kallon laka ya dube ni, ya daɗe yana kallo, sannan ya gyaɗa kai.

"Allah ya jiƙan Kulu," ya ce. "Ashe ba ta tafi da ita duka ba."