Gaisuwar Rabi'u ta Ƙarshen Wata

Duk wanda ya taɓa sayen ƙuli-ƙuli a lungunmu na Birni ya san Inna Kulu. Ko bai san sunanta ba, ya san faɗanta. 'Yar Tirmini ce, aure ya kawo ta Damagaram. Mijinta baduku ne, ya rasu ya bar mata ɗa guda, Rabi'u, da turmin dakan gyaɗa. Ni Husaina katanga ce kawai ta raba mu, kuma ni ce mai karanta mata duk abin da ya shigo salularta.

Da wannan turmin ta raini Rabi'u har ya zama direban babbar mota. Ya yi shekaru yana tara abin da ya samu a banki, sai zinariyar arewa ta ɗauke masa hankali kamar yadda ta ɗauke na samari da yawa. Kafin ya tafi ya gaya mata can babu waya, kada ta sa ran kira. Amma ya je banki ya sa hannu, ya ce su riƙa tura mata wani abu ta salula kowane ƙarshen wata. Bai tsaya yi mata bayani ba, don ya san halinta. Cewa kawai ya yi, “Inna, duk wata za ki ji ni.”

Ta kuwa ji shi. Da salular ta yi ƙara sai ta leƙo ta katanga: “Husaina, zo ki duba, ɗan nan ya yi sallama.” In karanta, ta ɗaure ƙuli a leda ta bi maƙwabta gida-gida tana cewa Rabi'u na gaishe su. Haka iyayenta suke yi a Tirmini in ɗan aike ya kawo saƙon matafiyi. A wurinta kuɗi ba su da ƙafa, sai mai rai ya miƙo su. Ni ma, gaskiya, haka na ɗauka.

Wata ranar Talata da hantsi wani baƙo ya yi sallama, ya ce sunansa Mala, tare suke haƙa da Rabi'u. Ya tsuguna a zaure ya cire hula. Ya ce rami ya rufta da Rabi'u, da hannunsa ya taya binne shi, kuma akwai maganar da Rabi'u ya bar masa ya kawo mata.

Bai kai ga maganar ba. Shekaranjiyar ranar kuɗi suka shigo.

“Tashi ka ba ni wuri!” in ji Inna Kulu. “A garinku matacce yana aike? Husaina, nuna masa!”

Na nuna masa saƙon, ya duba. Ta ɗauko taɓarya. Bawan Allah ya sa hularsa ya fita yana share ido. Liman ya zo kan maganar addu'a, ta ce ya je ya yi wa nasa. Matan unguwa da suka fara taruwa, ta kore su har da zagi. Wata na ƙarewa salula ta sake ƙara, ta raba ƙuli fiye da kullum.

Hankalina bai kwanta ba, sai da na ja ta muka je bankin. Wani ma'aikaci mai sanyin murya ya zaunar da mu. Ya ce abin kamar cek na banki yake, sai dai babu takarda. Mai asusu ya ba da izini sau ɗaya, ya ba da lambar wanda za a biya, shi ke nan na'ura ta riƙa cirewa tana turawa da kanta.

“To, ɗana, shi ba ya zuwa ya ce a aika?”

“A'a, Inna. Tun ranar da ya sa hannu ba sai ya sake zuwa ba.”

“Ko da ba ya nan?”

Ya sunkuyar da kai. “Sai dai in abin da ke ciki ya ƙare, ko a kawo mana takardar rasuwa.”

Na ji haushin na'urar nan kamar in fasa ta. Abu ya yi ta gaishe da tsohuwa da sunan ɗanta, ko tambaya bai yi ba ko ɗan yana numfashi! Inna Kulu ta dubi ma'aikacin. Can ta ce, “To ku rage abin da kuke aiko mini, don ya daɗe.” Ya ce mai asusu ne kaɗai zai iya canzawa.

Daga ranar ta daina karɓar kuɗin, wai ko hakan zai sa su jima. Na gaya mata ba haka abin yake ba, ta ce in kula da tukunyata. Ta daina raba ƙuli. Amma duk ƙarshen wata tana zaune da salula a cinya, in ta yi ƙara ta ce Alhamdu lillahi a hankali, ba ta kira na in karanta.

Bayan damina ƙarar ta tsaya. Ta kai salular wurin mai gyara, ya ce lafiyarta lau. Ta jira wani watan. Sannan wata safiya na ji tana shara, na leƙa na ga ta shimfiɗa tabarmi a zaure da tsakar gida, ta jiƙa gero na gumbar sadaka. Mutane kaɗan suka zo, don sauran sun yi nasu jimamin tun bara, wasu kuma ba su manta zagin ba.

Da aka shafa fatiha ta riƙo hannuna.

“Husaina, mutumin nan mai hula, a nemo mini shi. Ya ce akwai maganar da ɗana ya bar mini.”

Na bi tasha, na bi masu zuwa arewa ina tambaya. Wasu sun ce ya koma ramin zinariya, wasu sun ce ya ƙetare iyaka. Masu suna Mala a duniya suna da yawa, mu kuwa ko sunan garinsa ba mu tsaya mun tambaya ba.

Har yau in baƙo ya yi sallama a zaurenta, sai ta ajiye taɓarya ta fito da sauri, ba ko takalmi.