Samarin Jamus a Falonmu na Mansur

Karatuna bai wuce allo da aji uku na boko ba, amma duk tsofaffin unguwarmu ta Mansur a nan Makka babu wanda ya kai ni sanin fim ɗin Jamus, domin na kalli guda ɗaya har ƙarshe.

Jikata ce ta jawo mini. Ta gama sakandare ta ce ita sai karatun haɗa fim a Jidda. Ubanta, ɗana na fari da ba na kama sunansa, ya ce atafau, a Makka za ta zauna ta koyi aikin asibiti. Lokacin ana raɗe-raɗin buɗe gidajen silima a ƙasar, shi kuma gani yake lalacewa ce ta iso.

Wata Juma'a bayan mun ci shinkafa, ta jona kwamfutarta da talabijin, ta kira ni kaka da Larabci, ta ce, "Jaddi, zo ka ga abin da nake so." Na ce to amarya, in babu daɗi na sake ki.

Tsohon fim ne marar kala, na bayan yaƙin duniya. Birni ɗaya, hukuma biyu, kowace da 'yan sandanta. Samari suna tsayuwa a bakin titi, gashi ya sha mai, iyaye na faɗa, su ko a jikinsu. In sun gaji su tsallaka ɗaya ɓangaren su yi rawa. Fassarar Larabcin ta fi idona sauri, sai na koma yin nawa tafsirin.

Ɗana ya tsaya bakin ƙofa, ya ce ga irin tarbiyyar da za a koyo nan. Na gyara tabarau, na ce ai wancan mai taje gashin na san shi. A kwanar layinmu yake yini, ya gudu daga shagon ɗinkina ya hau motar Jidda neman kaset, ya dawo ya ce mini ɗawafi ya je. Ban dai san ya koma Bature ba.

Matarsa ta tsere kicin tana dariya. Shi kuwa ba dama ya ƙaryata ubansa gaban 'ya'yansa. Ya samu wuri ya zauna.

Can wajen ƙarshe yaron ya dawo gida a jigace, uban ya ƙi buɗe masa ƙofa. Na ji ɗana ya ja tsaki. Na ce masa ni dai na buɗe.

Da fim ɗin ya ƙare, sai ɗan nawa ya ce, "Lahadi zan kai ta ta ga makarantar. Gani kawai, Baba."

Shekara huɗu ta yi tana gani.