Laraba Ce Ranar Zamana

Ƙauyenmu na barci ne kawai. Da an sallame asuba maza sun cika motoci sun nufi cikin Maiduguri, ba a sake ganinsu sai gab da magariba. Shi ya sa bulama, mai unguwarmu, ya yi mana tsari: kullum mutum ɗaya mai mota zai zauna a gari, saboda naƙuda, ko ciwo, ko gobara. Musulmi da Kirista duk muna ciki. Laraba ce tawa.

Shekara biyu ina zama ba abin da ya faru, ko akuya ba ta yi tari ba. Sai wata Laraba aka ce an sauke atamfofi a kasuwar Gamboru, cikin Maiduguri, kuma idan na bari sai gobe, na tarar an tsince masu kyau. Na ce wa matata kafin azahar na dawo. Na tayar da mota. Na bi ta bayan makabarta don kada bulama ya gan ni.

Tun da na shiga kasuwa hankalina bai kwanta ba. Ina taya kaya ina shafa aljihu, wayar kowa ta yi ƙara sai in duba tawa. Da tawa ta yi, har na ji kamar dama ita nake jira. Matata ce. Matar maƙwabcinmu, malamin makaranta da ke koyarwa a unguwar Mafoni, can cikin birni, naƙuda ta zo mata da jini, mata sun zo ƙofar gida neman mota.

A shingen bincike na tarar da layi. Na kashe mota, na kunna, na sake kashewa. Tsoro nake ji, tsoron in isa in tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansu. Kafin in wuce, matan sun ɗora ta a baro sun tura har bakin titi, wani mai Keke mai ƙafa uku ya ɗauke ta. Ta rayu, jaririyar ma ta rayu, da ƙyar.

Na shirya wa faɗa, ba wanda ya yi mini. Mijinta ma ya amsa barkata. Ranar Juma'a bulama ya karanto sunayen masu zama, ya ba wani Laraba. Na bi shi gida ina ba da haƙuri.

“Je ka kasuwarka,” ya ce. “Mahaifiyarka tana da hawan jini, ko? Kada ka damu, akwai mai zama.”

Yanzu kullum ina fita, har Laraba. Mota ɗaya nake wucewa a bakin masallaci, mai ita yana zaune a inuwa. Yakan ɗaga mini hannu, ni kuwa har yau ban iya haɗa ido da shi ba.